Yadda Na Tantance Tukwanen Gilashi Uku da Aka Ce na Venini Ne

Tsakanin shekarar 1948 da 1949 ne masana'antar gilashi ta Venini, wadda ke tsibirin Murano a gefen birnin Venis na ƙasar Italiya, ta fito da wata tukunyar fure mai siffar hankicin da iska ta ɗaga gefunansa sama suka tsaya a haka. Fazzoletto ake kiranta, kuma Fulvio Bianconi ne ya zana ta tare da mai masana'antar, Paolo Venini, lauyan nan ɗan Milan da ya bar aikin shari'a ya shiga harkar gilashi a 1921. Tukunyar ta samu karɓuwar da ta kai ta har gidan adana fasahar zamani na birnin New York, kuma wannan karɓuwar ce ta jawo wahalar da mai saye yake sha a yau, domin ba a daɗe ba sauran masana'antun Murano suka shiga yin irinta, wasu ƙasashen suka bi sahu, ita kuma Venini ba ta daina yin ta ba har yanzu. Saboda haka duk wanda aka miƙa wa tukunya mai wannan siffa aka ce masa ta shekarun 1950 ce, to, ko dai ta asalin ce, ko sabuwa ce daga gida ɗaya, ko ta wani kamfani ce da bai taɓa nufin yaudarar kowa ba, ko kuma jabu ce wadda aka buga wa hatimin ƙarya da gangan.

Ni ba ta ƙofar tukwane na shigo wannan harka ba. Ina zaune a Padova, garin da aka haifi Bianconi a 1915, kuma abin da ya fara kai ni Murano shi ne duwatsun ado masu zanen furanni, irin waɗanda 'yan kasuwar Turai suka riƙa kaiwa Afirka ta Yamma a ƙarni na 19 da farkon na 20, waɗanda har yanzu ake samu a hannun Hausawa dillalan kayan tarihi. Daga duwatsun ne idona ya saba da aikin tsibirin. Wannan ne ya sa kawuna, wanda ke sayen kayan gidajen da aka kwashe a arewacin Italiya yana aikawa gida a sayar a gwanjo, ya kawo mini wani kwali mai ɗauke da tukwane uku masu siffar hankici. Ya ce, "Ɗana, wanda ya sayar mini ya rantse duka ukun na Venini ne, ɗaya ma da hatiminta a jiki. Ka duba mini kafin su shiga kwantena, domin in maganarsa gaskiya ce, asara ce in kai su inda za a saye su a kuɗin kofin shayi." Na ce, "To Kawu, amma sai ka yi mini haƙuri, domin aikin ba ya son gaggawa, kuma abin da na gani shi zan faɗa maka ko da bai yi daɗin ji ba."

Shawarar farko da na yanke ita ce ba zan fara da hatimi ba. Hatimi da takardar manne su ne abubuwan da suka fi sauƙin ƙirƙira, kuma da zarar mutum ya karanta babban suna a ƙasan kaya, idonsa yakan koma neman abin da zai gaskata sunan maimakon ya duba abin da ke gabansa. Na shimfiɗa tawul a cikin bahon roba, na wanke su ɗaya bayan ɗaya da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu mara ƙarfi, domin ruwan zafi yana iya tsaga tsohon gilashi nan take, sannan na kiyaye kada ruwa ya taɓa takardar da ke manne a jikin ɗaya daga cikinsu. Bayan sun bushe na auna tsawo da faɗin kowace, na ɗora ta a sikelin kicin, na ɗauki hotunanta ta sama da ta gefe da ta ƙasa, na rubuta komai a littafi. Kayan aikin da na yi amfani da su daga nan ba su wuce ƙaramar tocila, da baƙin ƙyalle, da madubin nan na masu gyaran agogo mai ninka girman abu sau 10 ba.

Kafin in yanke hukunci kan kowace, na ga ya wajaba in sake ganin yadda ake yin irin wannan tukunya da idona, domin wanda bai san hanyar da aka bi aka yi abu ba, ba zai san alamar da hanyar take bari ba. Na tafi Murano, inda hukumar Venis ta tattara tanderun gilashi tun 1291 saboda tsoron gobara a cikin birni. Na fara da gidan tarihin gilashi da aka kafa a 1861, na daɗe a ɓangaren ƙarni na 20 ina kallon launuka da sirantar aikin Venini da na takwarorinta, sannan na shiga wata ƙaramar masana'anta inda aka bar ni na tsaya gefe. Gwanin ya ɗebo narkakken gilashi a bakin bututun ƙarfe, ya hura shi ya zama ƙwallo, yaronsa ya manna wata sandar ƙarfe a ƙasan ƙwallon, suka tsinke shi daga bututun, aka mai da shi wuta. Daga nan ya buɗe bakin da awartaki yana juya sandar har gilashin ya baje, sai ya kifar da shi baki ƙasa, ya bar nauyinsa ya ja shi, gefunan suka zubo suna ninkewa cikin 'yan daƙiƙu. Abubuwa uku na riƙe daga wannan kallo. Gilashin yana da kauri a ƙasa yana sirancewa zuwa tsinin gefuna, bakinsa wuta ce ta gyara shi don haka yana da santsi da zagaye, sannan inda aka ɓalle sandar akwai tabo, wanda na saba kira cibiya, wanda masana'anta mai kula da aikinta take gogewa a kan dutse har ya zama kwarmi mai sheƙi.

Tukunya ta farko ba ta ba ni wahala ba, ko da yake ita ce mai takardar manne mai ruwan zinare da ke cewa a Murano aka yi ta. Kaurinta ɗaya ne tun daga ƙasa har tsini, bakinta yankakke ne mai kusurwa irin na gilashin taga, ba ta da cibiya ko alamar an taɓa gogewa, kuma layukan da ke jikinta bugu ne a saman gilashin, har farce yana jin tudunsu. Wannan ba hurawa aka yi ba. Falle ne mai kusurwa huɗu aka yanka, aka buga masa zane, aka ɗora a kan wani abu cikin tanderu har zafi ya sa ya lanƙwashe. Haka kamfanin Chance Brothers da ke Smethwick, kusa da Birmingham a Ingila, ya riƙa yin nasa tukwanen hankicin daga 1957, kuma zanen wannan ya dace da irin nasu. Ba ƙaramin kamfani ba ne, shi ne ya samar da gilashin babban zauren baje kolin Landan na 1851, kuma bai taɓa cewa kayansa na Italiya ba ne. Wani ne daga baya ya manna mata takardar da ba tata ba, irin takardun da ake samu cikin sauƙi. Shi ma tambarin hukuma mai tabbatar da gilashin Murano, dokar da yankin Veneto ya yi a 1994 ce ta kafa shi, saboda haka wanda ya gan shi a jikin kayan da ake cewa na 1950 ne, ya san akwai magana.

A kan ta biyu ne aikin ya yi nauyi, domin ita ce mai hatimi, kuma ita ce Kawu ya ɗora wa rai. Babu shakka hura ta aka yi, kuma hannun da ya yi ta ya san aiki. Jikinta na gilashi ne mai haske wanda fararen zarurruka murɗaɗɗu suka ratsa daga ƙasa zuwa sama, dabarar da Murano ta shahara da ita tun ƙarni na 16. Ana fara jan sandunan gilashi masu zare a ciki, a yanka su daidai, a jera su gefe da gefe a kan faranti, a gasa har su manne, sannan a naɗe su a bakin bututu a hura. Wahalar aikin tana wajen jerawa da haɗe bakin naɗin, kuma nan ne na sa madubi. A tukwanen Venini da na gani, sandunan suna tafiya da tazara mai tsari, suna buɗewa a hankali yayin da gilashin ke faɗaɗa, suna haɗuwa a tsakiyar ƙasa cikin tsabta. A wannan kuwa, wasu sun hau kan juna, wasu sun bar fili a tsakani, a mahaɗar naɗin kuma akwai tudu mai kauri da yatsa ke ji. Tsinin gefunan ma bai sirance yadda ya kamata ba, abin da ya sa take da nauyi fiye da abin da girmanta ya nuna. Wannan kaɗai bai isa hujja ba, domin aikin hannu ne, kuma kowace masana'anta tana da ranar da aikinta bai fita sosai ba, amma ya isa ya sa in ƙara taka-tsantsan.

Mai sayen hula da ya san abin da yake yi, ba zanen waje yake tsayawa kallo ba, yakan juya cikinta ya duba bayan ɗinkin, domin a nan ne aikin hannu da na inji suke rabuwa. Haka na kifar da tukunyar a kan baƙin ƙyalle na haska ƙasanta daga gefe. Gilashin da ya shekara sittin ko saba'in ana ɗauka ana ajiyewa a kan tebur da kanta yana samun ƙarce a daidai zoben da yake taɓa ƙasa, kuma ƙarcen yakan bi kowace fuska, wani gajere, wani dogo, wani mai zurfi, wani da ƙyar ake gani, har zoben ya dushe. Abin da madubi ya nuna mini a nan daban ne. Layukan duk fuska ɗaya suka nufa, zurfinsu ɗaya, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne sun shiga har cikin kwarmin cibiya, wurin da babu teburin da zai iya taɓawa. Samfefa ce kawai take barin irin wannan, a hannun wanda yake son sabon abu ko mai matsakaicin shekaru ya yi kama da tsoho.

Sai a lokacin na waiwayi hatimin. Daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa tsakiyar na 1960, hatimin da aka fi gani a kayan Venini layi uku ne, sunan kamfanin da na Murano da ƙananan baƙaƙe, sunan Italiya a ƙasa da manyan baƙaƙe, kuma da asid mai cin gilashi ake buga shi. Daga baya kamfanin ya koma zana sunan da tsinin alƙalami mai kaifi, a kan sababbin kaya ma har da shekarar da aka yi su, abin da ke sauƙaƙa raba sabuwar Venini da tsohuwa. Hatimin asid ba shi da zurfi, yakan fito a dushe, gefen baƙaƙensa ba kaifi, sau da yawa ma wani harafin ba ya fita gaba ɗaya. Na jikin wannan tukunya kuwa rubutunsa daidai ne, layi uku, babu kuskuren harafi, amma ya yi fari tas ana karanta shi daga nesa, gefensa a yanke, farce yana maƙalewa a cikinsa, kuma a ƙarƙashin madubi cikinsa tsaki-tsaki ne. Wannan alama ce ta yashin da aka fesa da iska ta cikin hujin takarda mai siffar baƙaƙe. Abin ya ɓata mini rai ƙwarai, domin tukunyar ba mummuna ba ce, wani ya sha zafin tanderu ya yi ta da gaskiya, sannan wani daban ya zo ya lalata ta da sunan da ba nata ba, wanda kuma ba ya gogewa sai an ci ƙasanta da dutse.

Na haska su duka da fitilar nan mai shuɗin haske da 'yan kasuwa ke duba takardun kuɗi da ita, tunda masu sayar da tsofaffin kaya suna yawan kafa hujja da ita. Gilashin da aka sa wa yuraniyom yana yin kore shar a ƙarƙashinta, wanda ke da manganis kuma yana ɗan haskawa kaɗan, amma abin da fitilar ke nunawa shi ne sinadarin da ke cikin gilashi, ba ta faɗar masana'anta ko shekara. Ban dogara da ita ba.

Ta uku ita ce Kawu ya fi rainawa, domin ƙarama ce, ba zane, kuma a ganinsa ba hatimi. Wajenta ja ne, cikinta fari kamar madara, kuma da na duba bakinta da madubi na ga launukan biyu a matsayin gilashi biyu da aka rufa ɗaya a kan ɗaya tun suna narke, ba fenti ba. Ba ta da nauyi a hannu. Tsinin gefunanta ya sirance har hasken tocila yana ratsa shi, jan yana komawa ruwan hoda a can ƙarshe saboda gilashin ya miƙe, ninkin kuma ba wanda ya yi daidai da ɗan'uwansa, amma tana zama daram ba ta karkata. Cibiyarta gogaggiya ce sumul, ba ƙarce ko ɗaya a cikin kwarmin, alhali zoben da ke kewaye da shi ya dushe da ƙananan layuka masu bin ko'ina. A ciki, can ƙasa, akwai farin tabon da ruwa mai gishirin ƙasa yake bari idan an daɗe ana zuba furanni. Da na kashe fitilar ɗaki na kwantar da hasken tocila kusan daidai da fuskar gilashin ina juya tukunyar a hankali, sai ga rubutu ya bayyana, layi uku, na saman biyu ana karanta su, na ƙasan rabinsa ya ɓace. Na shafa da farce ban ji komai ba. Da na jiƙa wurin da ɗigon ruwa rubutun ya ɓoye, da ya bushe ya dawo, wanda haka hatimin asid mara zurfi yake yi.

Duk da haka ban kira Kawu na ce masa ta Venini ce ba, domin ni ma ina son ta zama hakan, kuma mai so ba ya zama alƙali. Na nemi kundin baje kolin ayyukan Bianconi da aka yi a 2015 a zauren Le Stanze del Vetro da ke tsibirin San Giorgio Maggiore, wanda Marino Barovier ya tsara, na kwatanta siffa da haɗin launi da abin da ke cikinsa. Irin waɗannan kundaye suna da daraja ta musamman, domin gobarar da ta tashi a masana'antar a 1972 ta ci wani ɓangare na takardu da samfuran kamfanin. Daga nan na ɗauki ta biyu da ta uku zuwa wani gidan gwanjon kayan fasaha a Milan, inda wata ƙwararriya ta karɓe ni. Ban faɗa mata ra'ayina ba. Ta biyu ba ta daɗe a hannunta ba ta ajiye ta, ta ce hatimin na yashi ne. Ta uku kuwa ta daɗe tana juya ta, ta ɗauko wata da ke ajiye a wurinsu ta jera su, tana kwatanta jan da farin da irin gugar ƙasa. Ta ja hankalina cewa akwai masu ƙirƙirar hatimi da asid ɗin kansa, don haka ita ma ba hatimin ne ya gamsar da ita ba, haɗuwar alamomin ne gaba ɗaya ba tare da ɗaya ta saɓa wa sauran ba.

Abin da ta yarda ta rubuta ya fi abin da na zata taƙaituwa, kuma na ga hikimarsa. Ta rubuta cewa aikin Venini ne bisa zanen Bianconi da Paolo Venini, an yi shi tsakanin shekarun 1950 da farkon na 1960, ba ta ambaci shekara guda ba, domin an daɗe ana amfani da hatimi iri ɗaya, har bayan rasuwar Paolo Venini a 1959 lokacin da surukinsa Ludovico Diaz de Santillana ya karɓi ragamar kamfanin. Ta kuma nuna mini wani ɗan ɓalli a tsinin gefe ɗaya, ta ce dole a bayyana shi ga masu saye kuma zai rage kuɗin, ta hana ni kai ta a goge wurin, domin gugar za ta canza siffar tsinin, masu tara irin waɗannan kaya kuma sun fi son ƙaramin lahani a bayyane a kan gyaran da aka ɓoye.

Da na mai da wa Kawu bayani, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Wato wadda na raina ita ce mai daraja, mai hatimin kuma ba komai ba ce?" Na ce, "Ba haka ba ne, Kawu. Kaya ce mai kyau, kuma za ta samu mai so, sunan da ke jikinta ne ba nata ba, kuma tunda yanzu mun sani, in muka sayar da ita muka yi shiru, ha'incin ya koma wuyanmu." Bai yi musu ba. Ta Ingilar, wadda irinta ba ta wuce 'yan gomomin yuro, na ɓare mata takardar ƙarya ta shiga kwantena da sunanta na gaskiya. Jar ta zauna a Milan tana jiran ranar gwanjo, inda irinta ke kaiwa ɗaruruwa gwargwadon girma da lafiyar jiki. Mai zaren tana wurina, na ɗaura mata takarda mai cewa gilashin hurawa ne mai murɗaɗɗen zare, kuma hatimin da ke ƙasanta ba na asali ba ne. Aikin da na sa a gaba a kanta shi ne kwatanta murɗin zarenta da yadda aka haɗe naɗinta da ayyukan sauran masana'antun tsibirin da suka yi irin wannan aiki a wancan zamani, musamman Fratelli Toso da AVEM, domin in an gano gidan da ta fito, sai a sayar da ita da sunan waɗanda suka yi ta.